A Sa Taraktoci Su Haƙa Mana Ramin Binne Bututun Ban Ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin aikin gona, da masu ba da hayar tarakta, da 'yan'uwana manoman rani, zuwa ga wani aiki da muke da kayan yin sa amma muka bar shi, wato haƙa rami da tarakta a binne bututun ban ruwa a ƙarƙashin ƙasa.

Manoman da gonakinsu ke cikin shirin ban ruwa na Kogin Kano, a Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan madatsar Tiga ne yake gangaro musu ta magudanai, don haka batunsu daban ne. Waɗanda nake magana a kansu su ne ɗimbin manoman fadama da na bakin kogi, masu jawo ruwa da inji daga rijiyar burtsatse ko daga gulbi. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, ruwan da injin ya ɗago ya zama abu mai tsadar gaske, amma har yanzu yawancinmu muna sakin sa a doguwar magudanar ƙasa, ƙasa ta sha nata, rana ta sha nata, ciyawa ta sha nata, kafin ragowar ta isa fangalin ƙarshe. Wanda ya ɗan samu hali kuwa sai ya shimfiɗa tiyo ko bututu a fili, inda zafin rana yake busar da robar har ta fara tsagewa, shanu su taka, amalanke ta bi ta kai, wani lokaci ma a wayi gari an kwashe. Binne bututu yana magance waɗannan duka, kuma ba baƙon abu ba ne a yankinmu, domin a Nijar da Senegal da Burkina Faso ƙananan manoma sun daɗe da sanin abin da ake kira tsarin Kalifoniya, inda ake binne bututu daga bakin inji zuwa cikin lambu, a fito da bakunan ruwa nan da can.

Abin da ke hana mutane shi ne wahalar haƙa. Duk wanda ya taɓa sa 'yan ƙwadago su tona rami mai tsawon mita ɗari uku ko ɗari huɗu da diga da shebur a busasshiyar laka ya san kwanakin da aikin yake ci da kuɗin da yake lashewa, ya kuma san cewa idan gajiya ta zo zurfin ramin raguwa yake yi. Bayan girbi kuwa taraktoci da yawa suna ajiye, sun gama haro da kaftun damina, direbobinsu suna jiran aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce garma mai haƙori ɗaya dogo, wadda aka ƙera domin fasa ƙasar da ta daskare a can ƙasa. Idan aka liƙa mata lanƙwasasshen bututun ƙarfe a bayan haƙorin, sai a zura baƙin bututun roba mai lanƙwasuwa, irin wanda ake sayarwa a naɗe, ta samansa, yana fitowa ta ƙasa yana kwanciya a cikin tsagin yayin da tarakta take tafiya a hankali. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da ta cika garuruwanmu, tana iya jan haƙori ɗaya zuwa zurfin rabin mita a ƙasar da ke da danshi. Dabarar ita ce a fara bin layin sau ɗaya ko sau biyu babu bututu, domin a sassauta ƙasa a kuma gano inda dutse ko saiwar itace ta ɓuya, sannan a ɗaure bakin bututun da turke a koma a shimfiɗa shi. Wannan hanya ta dace da bututun da bai wuce inci 2 ba. Na yi imani masu waldarmu, da suke ƙera injin casa da na niƙa, ba za su gaza ƙera wannan ƙarfe ba idan aka ba su samfuri mai kyau.

Farin bututu mai tauri na inci 3 ko 4, wanda ake haɗa shi gaɓa-gaɓa da gam, shi kam sai an buɗe masa rami. A nan garma mai kifar da ƙasa gefe biyu tana taimakawa, a bi layi sau da yawa ana ƙara nutsa ta, sai dai ba kasafai take wuce santimita 30 ba, saboda haka dole mutane su bi da shebur su ƙarasa zurfin su daidaita gindin ramin. Ko a haka an rage fiye da rabin wahala. Akwai kuma na'urar haƙa mai sarƙa wadda ake jonawa da sandar nan mai juyawa a bayan tarakta, tana yanka siririn rami mai tsafta, amma tsadarta ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ƙungiya ko gwamnati.

Inda na fi son a tsaya a natsu shi ne batun zurfi, domin a nan ne ake asarar dukiya. Garmar tarakta mai faranti tana shiga ƙasa santimita 20 zuwa 30, kuma nauyin tarakta ko motar ɗaukar tumatir yana danna ƙasa fiye da haka. Manomin da ya binne bututunsa a zurfin taƙi ɗaya ya ajiye wa kansa tarko ne kawai, domin kaftun farko na damina mai zuwa zai datse shi, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya ta da inji ya ga ruwa yana ɓuɓɓugowa a tsakiyar gona. Ƙasar da ke saman bututu kada ta gaza santimita 50 zuwa 60, a mashigar motoci kuma a ƙara zurfi ko a zura shi cikin bututun ƙarfe. A tsince duwatsu daga gindin rami, a fara rufewa da ƙasa mai laushi, kuma kada a rufe mahaɗai sai an saki ruwa an ga babu yoyo. Baƙin bututu yana miƙewa idan ya sha rana, ya tsuke idan ya huce, shi ya sa ake barin sa ya ɗan yi kwana-kwana a rami, a kuma rufe shi da sanyin safiya. Sannan kada son araha ya sa a sayi siriri, domin idan aka rage faɗin bututu da rabi alhali ana son ruwa daidai da na da, ƙarfin da ake asara wajen tura shi yana ninkawa kusan sau 30, kuma aljihun manomi ne zai biya a gidan mai.

Lokacin aikin shi ne bayan girbi, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da ƙasa ba ta gama bushewa ba kuma ba a shuka alkama ba. Ina kuma gargaɗin direbobi da masu taya su da su guji tsayawa kusa da sandar da ke juyawa sanye da babbar riga ko rawani, su nisantar da yara, su kuma tambaya kafin su haƙa a gefen titi, inda ake binne bututun ruwan sha da wayoyin sadarwa.

Roƙona ga gwamnatocin jihohi shi ne, duk lokacin da za a sayo taraktoci, a haɗa da garmar nan mai haƙori ɗaya ko da guda ɗaya ce ga kowace ƙaramar hukuma mai noman rani, tun da kuɗinta ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na taraktar kanta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar binciken ban ruwa a Kadawa, akwai kuma cibiyar ƙasa ta injinan noma a Ilorin, kuma su ne suka fi cancanta su fitar da samfurin da masu walda za su kwaikwaya. Hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, wato KNARDA, da takwarorinta na sauran jihohi kuwa su tura malaman gona su gwada aikin a gonar wani manomi, a gaban jama'a, kafin lokacin shukar alkama ta bana ya yi.

Na gode, Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani manomin rani,
Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano.