Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Wasanni na Kamaru kan rage shekaru da shan ƙwaya

Mai girma Minista Narcisse Mouelle Kombi, ranka ya daɗe.

Mu masu horar da yara ƙwallo da gudu ne a Garwa da Marwa, tare da ma'aikatan lafiya da ke bin ƙungiyoyi zuwa fili. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk sanda asirin ɗan wasanmu ya tonu a bakin gasar ƙasa da ƙasa, yaron ake kamawa a yi ta yamaɗiɗi da shi, alhali tun a unguwa aka ƙulla abin, shekaru kafin ya sa rigar ƙasa.

Ka tuna shirin gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta yankin tsakiyar Afirka da aka yi a Limbe a Janairun 2023. Cikin yara 30 da aka kira, 21 suka faɗi gwajin MRI. Aka nemo wasu, 11 suka sake faɗuwa. Shi wannan gwaji, wanda FIFA ta fara aiki da shi a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 a Najeriya, hoton wuyan hannun hagu ake ɗauka a duba guringuntsin da ke ƙarshen ƙashin, inda tsawo ke ƙaruwa. An kasa shi mataki 6. Idan ya kai na 6, ƙashi ya haɗe, sai a ce yaron ya wuce 17. Amma injin ba ya faɗin ranar haihuwa. Yaro mai saurin girma yana iya faɗuwa da gaskiyarsa, wani ɗan 19 da ƙashinsa bai gama haɗewa ba ya wuce lafiya lau.

Tushen matsalar takardar haihuwa ce. A ƙauyukanmu da yawa a gida ake haihuwa, ba wanda ke zuwa ofishin magajin gari. Sai jarrabawar gama firamare ta matso, a ruga kotu da shaidu a nemo hukuncin da ke maye gurbin takardar, a ƙiyasta shekara. Ta wannan ƙofa dillalin da ya yi wa iyaye alkawarin Turai yake shiga, ya samo takarda ta biyu, wani lokacin har da sabon suna. Gini ta ɗanɗana kuɗarta a 2019, lokacin da aka ƙwace mata gurbin gasar duniya aka ba Senegal saboda takardun 'yan wasa biyu kacal.

Roƙonmu a nan: a yi wa yaro rajista tun lasisinsa na farko, yana ɗan 10 zuwa 12, da hoto da zanen yatsa, a kuma gwada takardarsa da littafin ofishin da ya fitar da ita. A yi gwajin ƙashi tun a matakin yanki, kafin a kira kowa sansani. Hukunci kuma ya hau kan baligin da ya sa hannu, ba yaron kaɗai ba.

Sai maganar ƙwaya. Daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta tramol a lokacin gasa. Ranka ya daɗe, a nan arewa ba sai an sha wahala ake samunsa ba, yana kan teburin masu tallan magani, kuma matasa da dama sun ɗauke shi maganin gajiya. Ƙa'idar ba ta san "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne, kuma dakatarwar na iya kai shekara 2, ko 4 idan aka tabbatar da gangan ne. Golan ƙasarmu André Onana, da duk likitocin ƙungiyar Ajax a bayansa, ya haɗiyi ƙwayar furosemide ta matarsa bisa kuskure, aka dakatar da shi wata 12 a 2021, kotun wasanni ta rage zuwa 9. To ina ga yaron da ke karɓar magani a ƙullin leda, babu kwali babu suna?

Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin yadda ake gwajin ba sai ranar da aka tare su. Ba su san da zarar an sanar da mutum, jami'i ba zai daina kallonsa ba har ya ba da fitsari aƙalla mililita 90. Ba su san shi ɗan wasan ne zai zaɓi kwalabe biyu, A da B, ya zuba 30 a ta B da 60 a ta A, ya rufe da hannunsa, ya duba lambobin sun yi daidai da na takarda ba. Akwai gurbin rubuta duk maganin da aka sha cikin kwana 7, sai su bar shi fayau don tsoro. Wasu kuma su ɗirki ruwa don fitsari ya zo da wuri, ya tsinke, a ce sai an sake.

Rashin gwajin ma kansa yana hana gasa. A gasar Olympics ta Tokyo a 2021 an hana 'yan gudu da tsalle 10 na Najeriya shiga fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaji 3 na ba-zata cikin wata 10 kafin gasar ba.

Don haka muna roƙon ka turo jami'an yaƙi da ƙwaya zuwa filin Rumde Ajiya da ke Garwa kafin a buɗe kowace kakar wasa, su nuna wa 'yan wasa da masu horarwa kwalaben a zahiri. Jerin magungunan da aka haramta, wanda ake sabuntawa kowace Janairu, a fitar da shi da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, a karanta a rediyo da sunayen da ake kiran ƙwayoyin a kasuwa.

Allah ya taya ka riƙo.

Masu horarwa da ma'aikatan lafiyar 'yan wasa,
Garwa da Marwa