Wasiƙa daga Granada

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ka ce in yi maka bayanin aikin da ya riƙe ni a Sifaniya, to ga shi.

Gwajin ƙwaƙwalwa muke tantancewa, irin wanda likita zai yi wa tsoho cikin 'yan mintoci ya gane ko mantuwarsa ta shekaru ce ko gigin tsufa ne ya soma, kamar cutar Alzheimer. Wanda duniya ta fi sani shi ne gwajin MMSE na likita Folstein, na 1975, mai maki 30, kuma tun 1979 Antonio Lobo ya daidaita shi da Sifaniyanci a Zaragoza. Sai gwajin MoCA na likita Nasreddine daga Kanada, wanda ya fito a 2005, inda ƙasa da maki 26 ke sa a soma zargi.

Ga inda gizo ke saƙar. A MMSE ana ce wa mutum ya cire 7 daga 100, ya yi ta cirewa, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Tsohuwar ƙauyen da ta tashi bayan yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, aji biyu ta yi ko ba ta yi ba, sai ta faɗi warwas, alhali ta san ranar haihuwar kowane jikanta. Karatunta aka auna, wallahi, hankalinta garau. MoCA na ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma a ganina ɗaya bai isa ba.

Shi ya sa gwajin Fototest na Carnero Pardo, wani likita a nan Granada, ya burge ni. Hotuna shida za a nuna wa tsoho ya faɗi sunayensu, a ɗauke hankalinsa da lissafo sunayen maza da na mata, sannan a ce ya tuno hotunan. Ba biro, ba takarda.

Tantancewar kanta aikin haƙuri ce. Mai gwaji bai san hukuncin likitan ƙwaƙwalwa ba, likitan ma bai ga maki ba. Daga baya a haɗa, a ga masu cuta nawa gwajin ya kama, lafiyayyu nawa ya ɗora wa sharri. Kuma iyakar makin soma zargi da ta yi daidai a nan ba lallai ta yi wa ɗan Meziko mazaunin Kaliforniya ba, ko da yake shi ma Sifaniyanci yake ji.

Ka gaida Hajiya. Kilishin da ka yi alkawari har yau shiru.

Naka,
Amininka