Sanarwa kan hadarin da ke haɗuwa ya watse ba ruwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayoyi sun yi yawa kan jinkirin damina, ga bayani.

Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi. Daga Afrilu Sahara kan yi zafi ƙwarai, iskarta ta tashi sama, sai iska mai laima ta taso daga Tekun Atlantika ta cike gurbin. Tururin da ta ɗauko zafin teku ne a ɓoye. Idan ya hau ya zama gajimare sai ya saki zafin, hadari ya ƙara ƙarfi.

Iyakar wannan iska da busasshiyar iskar arewa takan kai wajen digiri 20 arewa a taswirar duniya, wato can cikin Sahara, a Agusta, amma ruwa mai yawa yana sauka ne ɗaruruwan kilomita kudu da ita. Shi ya sa a farkon damina, lokacin da iyakar ba ta yi nisa da mu ba, a Katsina ko Maraɗi za ka ji riga na manne maka da gumi, sama ta yi baƙi, ruwa shiru.

Idan tekun Gini, wato ɓangaren Atlantika da ke kudu da Najeriya, ya yi ɗumi fiye da kima, bambancin zafinsa da na ƙasa ya ragu, ruwa ya maƙale a kudu. Hakan na cikin dalilan farin 1984.

Don Allah kada a shuka da ruwan farko. A jira ruwan milimita 20 cikin kwana uku, ƙasa ta jiƙe zurfin taƙi guda.