Amsa ga ɗalibina da ya tambaye ni ko gwamnati ta saye ni

Assalamu alaikum ƙanena.

An sanar da ni tambayar da ka yi a filin rediyo, ka ce malamin da ya koya muku dokar tsarin mulki, wanda kullum yake caccakar gwamnati a aji, yau ga shi ya koma ma'aikatar shari'a yana kare ta, shin saye shi aka yi ne ko kuwa aji ne ya gundure shi? Wallahi raina bai ɓaci ba, tambaya ce mai kyau, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta to bari in amsa maka a bainar jama'a.

Da farko dai ban bar jami'a ba, aro na aka yi. Gwamnatin jiha ce ta rubuta wa shugaban jami'a takarda, aka amince, aka yanke wa'adi, sunana yana nan a tsangayar shari'a, shekarun aikina suna ci gaba da lissafuwa, in wa'adi ya cika zan koma aji. Kuma ba a kaina aka fara ba. Osinbajo lakcara ne a Jami'ar Legas lokacin da Bola Ajibola, ministan shari'a na tarayya a wancan lokacin, ya ɗauke shi mai ba shi shawara a 1988, daga baya ya riƙe atoni janar na Legas daga 1999 zuwa 2007. Farfesa Auwalu Yadudu daga BUK aka ɗauke shi ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan shari'a zamanin Abacha.

Toh amma me nake yi a can? Kai a tunaninka kullum muna kotu muna wanke gwamna, alhali yawancin aikin fayil ne, fayil kan fayil. Kaga idan ƴan sanda suka kama mutum da zargin kisa ko fashi, majistare suke fara kai shi, shi kuma majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan shari'ar, sai ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, ko akwai hujjar da za a gurfanar da shi a babbar kotu ko a sake shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kwana 14 ta ba atoni janar ya fitar da wannan shawarar bayan fayil ya iso hannunsa, jihohi ma sun yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, amma kai ma ka sani abin da ke takarda daban abin da ke faruwa daban, wani lokacin fayil bai baro ofishin ƴan sanda ba ma, wani lokacin ya zo babu rahoton likita babu bayanin shaida, lauyoyin kuma ba su da yawa, sai mutum ya shekara yana jiran takarda mai shafi biyu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Ni na daɗe ina faɗa muku wannan a aji, yanzu kuma fayil ɗin ne a gabana, in na karanta shi yau wani ya kwana a gida cikin makon nan, in na ajiye shi ya ƙara wata. Wannan ne ya fi komai sa na karɓi aikin.

Sai kuma duba kwangila kafin gwamnati ta sa hannu. Mutane ba sa ganin muhimmancinsa sai an shiga uku. Ka tuna P&ID? Kamfani ne na ƙasar waje da gwamnatin tarayya ta sa hannu kan yarjejeniyar iskar gas da shi a 2010, ba a gina komai a Kalaba inda aka ce za a yi aikin ba, amma a 2017 masu sasanci a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya doshi biliyan 11, sai a Oktoban 2023 kotun Landan ta soke saboda an gano cin hanci a ciki. Layi ɗaya da aka rubuta da ganganci a kwangila yana iya cinye kuɗin asibitocin jiha guda.

Yanzu maganar saye. Bazan ɓoye maka ba, matsin lamba akwai shi. Sashe na 211 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba atoni janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin a yanke hukunci, kuma duk inda irin wannan iko yake sai ka ga masu alfarma sun yi layi, wannan yaron wane ne, wancan ɗan jam'iyya ne. Amma sashen dai shi ya ce a yi la'akari da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da kotu. Ni ba ni ke yanke hukuncin ƙarshe ba, shawara nake rubutawa in sa hannu in sa kwanan wata, a karɓa ko a ƙi tana nan a cikin fayil. Kuma a nan ne ɗan aro ya fi sauran sakewa, don ma'aikacin da duk rayuwarsa a ma'aikatar take yana tsoron a hana shi ƙarin girma ko a jefa shi wani lungu, ni kuwa iyakar abin da za a yi mini shi ne a ce in koma jami'a, ai kuwa can ne gidana. Saboda haka in ka ga takarda da sa hannuna wadda ta saɓa abin da na koya maka, ka fito da ita a rediyon nan ka kira sunana, na yarda.

Inda nake ganin kana da gaskiya shi ne jami'a tana cutuwa. Malaman shari'a ba su wadata ba, darasina wani ne ya haɗa da nasa, ɗaliban da nake duba wa furojet dole muke haɗuwa ranar Asabar. Shi ya sa ni ban goyi bayan aron da ba shi da ranar ƙarewa ba, wanda malami zai tafi ya yi ta sabunta takarda shekara da shekaru, ya tare gurbi ba a ɗauki wani ba shi kuma bai dawo ba. Ya kamata jami'a ta tsaya kan wa'adin da ta bayar, kuma ta sa sharaɗin wanda ya tafi ya riƙa ɗaukar ko da darasi ɗaya. Ni nawa wa'adin bazan nemi ƙari ba insha Allah, na riga na faɗa wa shugaban tsangaya ya mayar da sunana cikin jadawalin dokar laifuka idan lokacin ya yi.

Ka gaida mutanen gida.

Malaminka.