Gwajin canki-canka ta waya: kira ga malaman Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana malaman sakandare da masu darasin yamma a birnin Kano, waɗanda suke shirya tambayoyin canki-canka da Google Forms, manhajar Google ta haɗa tambayoyi a intanet, su tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Abin a yaba ne, tunda tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kwamfuta kacokan, yanzu kuma tambayoyi 180 ne cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Sai dai akwai gyara.

Babban abin da ke damuna shi ne yawancinmu maki kawai muke dubawa. Tambaya mai zaɓi huɗu, yaron da bai buɗe littafi ba ma zai iya cankar kusan 10 cikin 40. Amfanin yana shafin amsoshi na Google Forms, inda ake jero tambayoyin da fiye da rabin aji suka kasa amsawa daidai. Malam ya duba wace amsar kuskure ce ta fi jan su. Idan yara 30 cikin 45 suka ce rabi a tara da sulusi ya zama 2/5, to sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa ne, darasin gobe ya samu ke nan. Wannan kuwa ba ya fitowa sai an ɗauko amsoshin kuskuren daga littattafan aikin yara, ba a ƙirƙiro su don cike layi ba.

Wajen saiti ma ana tuntuɓe. In ka kunna cakuɗa zaɓi, kada ka rubuta "A da B duka daidai ne", domin za su sauya wuri, tambayar ta lalace. Taƙaita amsa zuwa sau ɗaya yana bin asusun Google ne, alhali a gidaje da yawa wa da ƙane wayar mahaifiyarsu suke aro. Na farko ya gama, na biyu ya tarar an kulle. Gara a nemi suna da lambar rajista, a ɗauki amsar da ta fara shigowa, tunda ana rubuta lokacin kowace. Kada kuma a saki amsoshi nan take, hotonsu zai zaga zauren aji kafin la'asar.

Roƙona ga shugabannin makarantun da ke da ɗakin kwamfuta: ku bar 'yan aji shida su zauna gabanta. Yaron da ya saba dangwala waya da yatsa yakan ruɗe da linzamin kwamfuta (mouse) ranar jarrabawar JAMB, bai ma san A, B, C, D na madannai suna zaɓar amsa, N ta kai shi gaba, P ta mayar da shi baya ba.

Daga wani malamin lissafi, Gwale, Kano.