Ranar da Inna mai ƙosai ta miƙe

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fama da sanyin Ingila. Mu nan Bauchi hunturu ya sauka, ƙura ta lulluɓe duwatsu, da safe sai an hura wuta. Saƙonka ya iso, na kuma ji gargaɗinka cewa in rage rubutu a Facebook kada wata rana a zo a yi awon gaba da ni. Na san ƙauna ce ta sa. Ba ka kuma yi ƙarya ba, don sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai mutane da dama hannun 'yan sanda a kan abin da suka rubuta, an kuma yi masa gyara a 2024. Amma abin da ya hana ni barci kwanan nan daban ne.

Ka tuna rijiyar burtsatsen da aka yi wa unguwarmu alkawari? An haƙa, an ɗora tanki, an ɗauki hoto, ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Wata da watanni muna sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Makon jiya aka kira taro, wani jami'i ya zo ya yi jawabi, ya ce aiki ya kammala. Muna zaune a kan tabarmi, malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Har da ni.

Sai daga can baya, wajen mata, Inna mai ƙosai ta miƙe. Ka san ta, wadda muke tsayawa wajenta in an taso mu daga makaranta, takan ƙara mana ɗaya gyara. Ta tsufa yanzu, hayaƙi ya ci mata ido. Ta gyara mayafi, hannunta na rawa, ta ce: "Ranka ya daɗe, in an gama aikin, ina ruwan yake? Ni ribar ƙosaina a jarka take ƙarewa." Wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya ce haba Inna, a yi haƙuri, a bar kaza cikin gashinta. Wallahi ba ta zauna ba sai da jami'in ya ciro biro ya rubuta, ya ce zai dawo da amsa.

Ni na san sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Ita ba ta taɓa jin sa ba. To me ya ɗaure mana baki? Babu soja a wurin, babu ɗan sanda. Tsoro na daji, kunya na gida. Wannan ƙanensa na neman aiki, wancan yana jiran rabon taki, ni kuma jami'in abokin yayana ne, ina gudun a ce ban da kara. Mun ɗauki kawaici, wanda hali ne mai kyau tsakanin maƙwabta, mun kai shi inda haƙƙin jama'a yake, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Abin da ya ƙara mini nauyi, a garin nan fa muke. A nan Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil, da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama a shekarun 1940 suna tattauna yadda ake mulkin talaka, Bature na ji. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a gyara tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Su an rubuta sunayensu. Amma na fi tuna manoma da teloli da mahauta da suka karɓi katin jam'iyyar, aka ɗaure su, aka yi musu bulala, yau ba wanda ya san ko su waye. Inna tana miƙewa, su na gani.

Yanzu dai mun rubuta takarda muna neman a nuna mana nawa aka ware da wanda aka ba kwangilar, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Inna ce ta fara dangwala yatsa, ni na sa hannu a ƙasan nata. Hajiyarku ta ce a sa sunanta, amma na ce sai na ji daga bakinka, don haka ka kira ta kafin Litinin, ranar za mu kai takardar.

Ka gaida uwargida da yara. Inna ma ta ce in gaishe ka, ta tambaya ko har yanzu kana son yaji da yawa.

Naka har kullum,
amininka na Bauchi