Roƙon Tallafi: Majigin Makarantarmu Ya Mutu, Darasin Teku Ya Tsaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu maza da mata, tsofaffin ɗalibai, da duk mai ƙaunar wannan makaranta, kwamitin iyaye da malamai na gaishe ku. Wata buƙata ce ta taso da ba za ta jira ba.

Majigin da muke nuna wa yara bidiyon darasi ya mutu. Tun zangon da ya wuce yana cikin kwali a ofishin shugaban makaranta. Mai gyara ya duba, ya ce kwan fitilar ya ƙone, cikin ma ya taɓu, kuɗin gyaran ya kusa na sabo. Lasifikar kuwa ba ta fitar da komai sai ƙara. Yanzu in malamin kimiyya ya zo darasin halittun teku, wayarsa yake ɗagawa sama, aji cike da yara ana turereniya. Na gaba su ɗan gani, na baya su hau benci su sauko ba su ga komai ba, na gefen taga kuma hasken rana ya kashe musu hoton. Wanda yake shakka ya zo ya gani da idonsa, ƙofa a buɗe take.

Wani zai ce, me ya haɗa yaranmu da teku? Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, kuma wajen kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya a cikinsa yake. Ruwan saman da ke sauko mana, mafi yawansa daga can ya tashi a matsayin tururi kafin ya zama girgije. Iskar oksijin da muke shaƙa muke rayuwa, wajen rabinta ƙananan tsirrai ne masu yawo a saman teku suke samar da ita, tsirran da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Yaro yana haddace wannan don jarrabawa, ya rubuta, ya manta, domin bai taɓa gani ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyarmu ma ba jarrabawar ba ce. Yaranmu suna karanta Suratun Nahli, inda Allah Ya ce Shi ne Ya hore mana teku. Suna karanta Suratur Rahman mai ambaton lu'ulu'u da murjani, da Suratun Nur mai siffanta duffai bisa duffai a cikin teku mai zurfi. Sun san ƙissar Annabi Yunus, alaihis salam, a cikin kifi. Amma nawa ne daga cikinsu suka san murjani wata 'yar ƙaramar dabba ce mai rai, mai gina wa kanta gida na dutse, har jama'arta suka yi ginin da ya kai tsawon kilomita 2,300 a gaɓar Ostireliya? Nawa ne suka san hasken rana yana raunana sosai daga zurfin mita 200, in aka wuce mita 1,000 kuwa babu shi kwata-kwata, sai halittun da Allah Ya sanya wa fitila a jikinsu suna kai da komo cikin baƙin duhu? Ramin Mariyana da ke ƙarƙashin Tekun Pasifik zurfinsa ya kusa mita 11,000. Da za a jefa Dutsen Everest mai tsayin mita 8,849 a ciki, da ya nutse, ruwan wajen kilomita 2 yana samansa. A shekarar 1960 mutum biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, suka sauka har ƙasansa cikin wani jirgi na musamman. Alli da allo ba za su iya zana wannan ba, komai ƙoƙarin malami.

Lokacin da majigin ke aiki mun ga bambanci. Ranar da aka nuna kifin wel, wanda tsawonsa kan kai mita 30, yana ɓullowa sama ya shaƙi iska, uwa tana shayar da ɗanta nono a cikin ruwa, ajin ya yi tsit, sai subhanallah kake ji ta ko'ina. Da suka ga kunkurun teku ya haɗiye leda yana zaton abinci ce, yaran da kansu suka shiga tsintar leda a filin makaranta, ba wanda ya sa su.

Wancan majigi wani bawan Allah ne daga cikin iyaye ya saya shi kaɗai, ya kuma roƙi kada a faɗi sunansa. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, Ya sa abin da yaran nan suka koya ya zama haske a kabarinsa. Akwai kuma wata baiwar Allah, marayu take riƙo, amma duk ƙarshen wata sai ta aiko da ɗan abin da ya samu. Ba mu manta ba, Allah ma bai manta ba.

Sai dai dole mu faɗi ɗaya gefen. A taron iyaye na baya hannuwa da yawa sun tashi, aka rubuta alkawura a littafi. Littafin yana nan, alkawuran ma suna nan yadda aka rubuta su, kaɗan ne suka cika. Mun san halin da ake ciki, ba mu raina uzurin kowa ba. Amma iyaye, mu duba kuɗin datar da muke ƙonewa kowane mako wajen kallon abin da gobe ba za mu tuna ba. Ashe 'ya'yanmu ba su cancanci wani abu daga ciki ba? Alkawari kaya ne. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa ilimi mai amfani cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa.

Abin da muke nema shi ne sabon majigi da lasifika, farin allo, labule masu kauri don tagogi, farantin sola da batir saboda ɗaukewar wuta, da ma'ajiyar bidiyo da za a zuba darussan a ciki don a kalla ko babu intanet. Malamanmu sun ɗauki nauyin tace kowane bidiyo kafin a nuna, su kuma ɗora masa bayani da Hausa, ba tare da neman ko sisi ba. Lissafin duka yana wurin ma'aji ga mai son dubawa.

Muna so kayan su iso kafin a dawo hutu. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai kaya ya kawo kaya, wanda ya iya haɗa waya ko ɗinka labule ya zo da hannunsa. Wanda ya yi alkawari a baya, don Allah ya leƙo ofishin makaranta ya cika, za a ba shi rasit. A kuma tura wannan saƙo ga 'yan'uwa na nesa.

Allah Ya buɗa wa kowa, Ya raya mana zuri'a. Wassalam.

Kwamitin Iyaye da Malamai